Daga Kwapanhagan zuwa Sitokholm: Yadda Ake Lissafa Nisan Tafiya da Lokacin da Take Ci

Duk wanda ya nemi tikitin jirgin sama daga Kwapanhagan, babban birnin Danmak, zuwa Sitokholm, babban birnin Suwidin, zai ga an rubuta masa awa 1 da minti 10 ko 15. Adadin gaskiya ne, sai dai bai kai ko rabin lokacin da tafiyar take ci ba, kuma wanda ya ɗora alƙawarinsa a kansa kaɗai yana iya isa Sitokholm ya tarar an watse daga taron da ya kai shi. Abin da matafiyi yake bukatar sani shi ne lokacin da zai ɗauka daga ƙofar masaukinsa a birni na farko zuwa ƙofar inda za shi a birni na biyu, kuma wannan lissafi ne da mutum zai iya yi da kansa idan ya bi shi daki-daki.

Mataki na farko: tantance wane nisa ake magana

Tsakanin biranen nan biyu akwai nisa iri uku, kuma rikicin da ake samu a shafukan intanet yawanci daga haɗa su wuri ɗaya yake tasowa. Akwai nisa miƙe daga tsakiyar birni zuwa tsakiyar birni, wanda ya ɗan haura kilomita 520. Akwai nisan da ke tsakanin filayen jiragen biyu, wato Kastrup na Kwapanhagan da Arlanda na Sitokholm, wanda ya kusa kilomita 550. Sannan akwai nisan hanyar mota, kimanin kilomita 650. Ga wanda ya saba da tafiya a Najeriya, nisan sama a nan bai yi nesa da na Legas zuwa Abuja ba, kuma zaman da za a yi cikin jirgin ma kusan haka yake.

Ana iya fitar da adadi na farko da biro da takarda. Kowane wuri a doron ƙasa yana da lambobi biyu a taswira: ɗaya tana nuna yadda ya nisanta zuwa arewa ko kudu daga tsakiyar duniya, wato layin da ya raba ta gida biyu tsakanin arewa da kudu, ɗayar kuma tana nuna yadda ya karkata gabas ko yamma. Kwapanhagan tana kan digiri 55.68 a arewa da 12.57 a gabas, Sitokholm kuwa tana kan 59.33 a arewa da 18.07 a gabas. Idan aka cire ƙaramar lamba daga babba, bambancin arewa zai ba da digiri 3.65, na gabas kuma digiri 5.5. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne a ko'ina a duniya, saboda haka 3.65 sau 111 zai ba da kilomita 405.

A wajen digirin gabas ne mutane suke yin kuskure. Layukan da suka taso daga ƙarshen duniya na kudu zuwa na arewa suna buɗewa a tsakiya, suna kuma matsewa yayin da suke kusantar ƙarshe, kamar yadda ɓangarorin lemo suke haɗuwa a samansa. Don haka digiri ɗaya na gabas da yake kusan kilomita 111 a tsakiyar duniya, a yankin da biranen nan suke ya ragu zuwa kimanin kilomita 60 kacal. Idan aka ninka 5.5 da 60 za a sami kilomita 330. Ke nan Sitokholm tana arewa da Kwapanhagan da kilomita 405, tana kuma gabas da ita da kilomita 330. Abin da ya rage shi ne ƙa'idar alwatika da ake koyarwa a sakandare: a ninka 405 da kanta a sami 164,025, a ninka 330 da kanta a sami 108,900, a haɗa su a sami 272,925, sannan a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan jimla. Lambar ita ce 522. Wannan hanya tana aiki sosai ga biranen da suke kusa da juna kamar waɗannan, amma ba za ta ba da amsa mai kyau ba a tafiyar dubban kilomitoci, domin a can dole a yi la'akari da lanƙwasar duniya yadda ya kamata.

Dalilin da ya sa nisan filayen jiragen ya fi na biranen kuwa shi ne wurin da aka gina kowannensu. Kastrup yana kudu maso gabashin Kwapanhagan a tsibirin Amager, kimanin kilomita 8 daga tsakiyar gari, Arlanda kuma yana arewa da Sitokholm da kusan kilomita 40, a kan hanyar Uppsala. Wato jirgin yana wuce birnin da za ka ne ya sauke ka a bayansa, sannan ka juyo kudu ta ƙasa.

Sai a kula da ma'auni. Wasu shafuka suna ba da nisan filayen jiragen da mil na Ingila, wanda kilomita 1.609 ne, sai ka ga 340. Matuƙan jirgi suna aiki da mil na teku, kilomita 1.852, sai adadin ya koma wajen 295. Mutanen Suwidin kuma suna da nasu mil ɗin na daban wanda kilomita 10 ne cur, kuma da shi suke magana a hirarsu ta yau da kullum. Idan ɗan ƙasar ya ce maka mil 65 ne zuwa Kwapanhagan a mota, kada ka ɗauka tafiyar awa ɗaya yake nufi; kilomita 650 ya faɗa maka.

Mataki na biyu: fahimtar adadin da ke kan tikiti

Jiragen da suke zirga-zirga a wannan hanya, yawanci na kamfanonin SAS da Norwegian, suna gudun da ya ɗan haura kilomita 800 a awa idan sun kai ƙololuwar tashinsu. Da wannan gudu, kilomita 550 bai kamata ya wuce minti 40 ba. To ina sauran rabin awar ya tafi?

Adadin da ke kan tikiti yana fara ƙirguwa ne daga lokacin da aka janye jirgi daga ƙofar shiga, ya kuma ƙare lokacin da ya tsaya a ƙofar sauka. A ciki akwai tafiyar da jirgi yake yi a ƙasa a hankali kafin ya isa titin tashi, da jiran layi idan akwai wasu jiragen a gabansa, da irin wannan tafiya bayan ya sauka. A sama ma ba ya samun cikakken gudunsa sai na ɗan lokaci, domin hawa yana cin wajen minti 20, saukowa ma haka, kuma a ƙasa da ƙafa 10,000 akwai iyakar gudu da ba a yarda a wuce ba. Bugu da ƙari, jirgi yana tashi yana kuma sauka ne yana fuskantar iska, saboda haka idan iskar ranar ta sa ya tashi ya nufi kudu, sai ya yi kwana ya juyo arewa, abin da yake ƙara wasu kilomitoci a kan lissafin takarda. Zaman da ake yi a sama zalla yakan kasance ƙasa da awa ɗaya kaɗan. Da ƙyar mutum zai gama shan shayinsa kafin a ce a ɗaure bel don sauka.

Mataki na uku: lissafin ƙofa zuwa ƙofa

Nan ne ainihin aikin yake. Ɗauki takarda ka raba tafiyar gida biyar, ka ba kowane gida lokacinsa.

Gida na farko shi ne zuwa Kastrup, kuma a nan Kwapanhagan ta yi wa matafiyi adalci. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin M2, wanda ba shi da direba kuma yake aiki dare da rana, yana kai mutum daga tsakiyar gari zuwa filin jirgi cikin kimanin minti 15, jirgin ƙasa daga babbar tasha ma kusan haka. Dukansu suna tsayawa ne a sashe na 3 na filin. Tikitin da ake bukata daga tsakiyar gari na shiyya uku ne, kuma a saye shi kafin a shiga, domin ko da yake babu shingen da zai tare ka a tasha, masu duba tikiti suna yawo cikin jirgin kuma tarar tana da nauyi. Da tattaki zuwa tasha da ɗan jira, a rubuta minti 30.

Gida na biyu shi ne zaman filin jirgi kafin tashi. Wanda ya yi rajistar shiga ta waya kuma jakar hannu kaɗai gare shi zai iya wadatuwa da awa ɗaya, mai babban akwati kuwa ya ba kansa awa ɗaya da rabi, har ma awa biyu idan safiyar Litinin ce, ko yammacin Juma'a, ko lokacin hutun bazara. Kastrup fili ne mai tsawo, kuma daga wurin bincike zuwa wasu ƙofofin tattakin yana iya kai wa minti 15. A tuna da dokar ruwa-ruwa a jakar hannu, wadda a bisa al'ada ba ta yarda da mazubin da ya wuce mililita 100 ba; kwalbar turare ko man shafawa da aka manta a jaka ita ce take yawan tsayar da mutum a layi.

Gida na uku shi ne tafiyar jirgin, minti 75. Gida na huɗu fitowa ce daga jirgi zuwa bakin tasha: minti 15 ga mai jakar hannu, minti 30 ga mai jiran akwati.

Gida na biyar shi ne daga Arlanda zuwa cikin Sitokholm, kuma a nan lokaci da kuɗi suke ja-in-ja. Jirgin ƙasa mai suna Arlanda Express, wanda ya fara aiki a 1999, yana kai wa babbar tashar Sitokholm cikin minti 18 ba tare da tsayawa a hanya ba, amma yana da tsada ƙwarai, har wani lokaci kuɗinsa ya kusa na tikitin jirgin sama mai araha. Bas ɗin filin jirgi yana ɗaukar wajen minti 45 zuwa 50 idan hanya ba ta cushe ba. Jirgin ƙasa na 'yan gari yana cin kimanin minti 40, sai dai akwai ƙarin kuɗi na musamman da ake biya don amfani da tashar da ke cikin filin. Masu son kauce wa wannan ƙari suna hawa bas na gari zuwa Marsta, su kama jirgin ƙasa daga can da tikitin gari na yau da kullum, amma tafiyar za ta haura awa ɗaya. Tasi ba ta fi jirgin sauri ba, kuma tun da ba gwamnati ce take ƙayyade farashin tasi a Suwidin ba, wajibi ne a tambayi kuɗin kafin a shiga.

Yanzu a haɗa, a ba gida na biyar minti 30 idan jirgi mai sauri ne, ko 60 idan bas ne, saboda jira da tattaki. Mai jakar hannu da ya zaɓi jirgi mai sauri: 30 da 60 da 75 da 15 da 30, jimla minti 210, wato awa uku da rabi. Mai akwati da ya zaɓi bas: 30 da 90 da 75 da 30 da 60, jimla minti 285, wato awa biyar ba kwata. Wanda ya dace da tafiyarka a cikin biyun shi ne adadin da ya kamata a gina alƙawari a kansa, kuma shi za a riƙe a hannu a shiga mataki na gaba.

Kafin nan, a duba haruffa ukun da ke kan tikiti. CPH shi ne Kastrup, ARN shi ne Arlanda. Akwai wasu filayen da suke ɗauke da sunan Sitokholm alhali suna nesa da ita da kusan kilomita 100, wato Skavsta mai lamba NYO kusa da Nykoping, da na Vasteras mai lamba VST. Wannan ya fi shafar wanda zai ci gaba daga Sitokholm zuwa wata ƙasa da tikiti mai araha, don kada ya sauka a Arlanda ya gano cewa jirginsa na gaba daga wani gari daban zai tashi.

Mataki na huɗu: gwada shi da jirgin ƙasa

Tun da aka buɗe gadar Oresund a ranar 1 ga Yulin 2000, ƙasashen biyu suka haɗe ta hanyar mota da ta dogo. Mashigar tana da tsawon kimanin kilomita 16: rami na kilomita 4 a ƙarƙashin teku daga ɓangaren Danmak, sai tsibirin Peberholm da aka cike teku aka ƙirƙira, sai gadar kanta mai kusan kilomita 8. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa aka yi rami a ɓangaren Danmak shi ne kusancin wurin da Kastrup, domin dogayen ginshiƙan gada za su zama haɗari ga jiragen da ke sauka. Wanda ya zauna kusa da taga zai ga duhun rami ya yaye farat ɗaya, jirgin ya fara hawa, teku ta bayyana dama da hagu, ga fankokin samar da lantarki jere a cikin ruwa.

Daga babbar tashar Kwapanhagan zuwa ta Sitokholm tafiyar tana ɗaukar awa biyar zuwa biyar da rabi. Jiragen sauri na kamfanin SJ, samfurin X2000 da ya fara aiki a 1990 kuma yake gudun kilomita 200 a awa, suna bi ta Malmo da Lund da Linkoping da Norrkoping. A wasu lokuta ana samun jirgin da zai tafi kai tsaye, a wasu kuma sai an canja a Malmo, wadda take minti 35 zuwa 40 daga Kwapanhagan, saboda haka a duba jadawalin ranar da za a yi tafiyar. Kowane tikiti yana zuwa da lambar kujera, farashi kuma yana hawa yayin da ranar take matsowa. Jirgin yana karkata jikinsa a kwanoni don kada ya rage gudu, kuma wannan yana sa wasu jin jiri idan suka daɗe suna kallon waya.

Idan aka jera adadin biyu, mai akwati bai ci ribar da ta wuce rabin awa ko minti 45 ba ta hanyar hawa jirgin sama, kuma ya kashe lokacinsa ne a layi da tattaki da ɗaga kaya, alhali na cikin jirgin ƙasa yana zaune wuri ɗaya yana aikinsa ko barcinsa. A ganina, mai iyali da yara da kaya ya kama jirgin ƙasa bai yi asara ba. Wanda zai je ya dawo a rana ɗaya kuwa, ko wanda ya riga ya sauka a Kastrup daga wata ƙasa, jirgin sama ne nasa ba tantama. Mota tana cin wajen awa bakwai ta babbar hanyar E4 da ta ratsa Jonkoping a gefen tafkin Vattern, ban da kuɗin gada, bas kuma ya fi haka daɗewa.

Mataki na biyar: takardu, agogo da yanayi

Danmak da Suwidin duk suna cikin yankin Shengen tun 2001, saboda haka bizar Shengen ɗaya ta isa shiga duka biyun. Amma tun watan Nuwamban 2015 Suwidin ta dawo da binciken kan iyaka da take ta sabuntawa, kuma 'yan sanda sukan shiga jirgin ƙasa a tashar Hyllie, tasha ta farko bayan gada, su nemi ganin takardu. Fasfo da katin izinin zama su kasance a aljihu, ba a ƙasan akwati ba. Kowace ƙasa kuma da kuɗinta, kurona ta Danmak daban, ta Suwidin daban, babu mai amfani da yuro a cikinsu, kuma a Suwidin shaguna da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi sam, sai kati.

Agogon biranen biyu ɗaya ne, don haka babu awar da za a ƙara ko a rage a lissafi. A hunturu lokacinsu daidai yake da na Najeriya da Nijar, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gaba da awa ɗaya. Mai tafiya a ɗayan waɗannan ranakun biyu ya tabbata agogonsa ya canja.

Hunturu yana ƙara wa lissafin nan wani gida. Idan ƙanƙara ta kwanta a fukafukai, jirgi ba ya tashi sai motoci masu dogon hannu sun zo sun fesa masa wani ruwa mai zafi, mai launin ruwan lemo, wanda za ka ga yana gangarowa a gilashin taga yana tururi. Aikin da jiran layinsa suna iya cin minti 15 zuwa 30, don haka daga Disamba zuwa Maris a ƙara rabin awa a kan jimlar. Ga Musulmi akwai wani abin lura a wannan lokaci: a ƙarshen Disamba rana tana fitowa a Sitokholm wajen ƙarfe tara ba kwata ta faɗi kafin ƙarfe uku na rana. Wanda ya bar masauki ƙarfe goma na safe zai iya isa ya tarar azahar da la'asar sun wuce, magariba ta kawo jiki, saboda haka ya tsara sallarsa tun kafin ya fita, ya kuma tambayi ma'aikatan filin jirgi inda ɗakin ibada yake.

Idan an sami jinkiri, ko akwai wani jirgi a gaba

Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004 ta shafi wannan tafiya. A ƙarƙashinta, a tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, fasinjan da ya isa a makare da awa uku ko fiye yana da haƙƙin diyyar yuro 250, muddin laifin daga kamfanin ne; idan mummunan yanayi ne ko wani abin da ya fi ƙarfin kamfanin, babu diyya. Bayan jinkirin awa biyu kuma kamfani ne zai ba da abinci da abin sha. A ajiye katin shiga jirgi da rasiɗan duk abin da aka saya, domin su za a nema wajen shigar da buƙata.

Wanda ya taso daga wajen yankin Shengen ya sauka a Kastrup da niyyar wucewa Sitokholm, a Kastrup za a duba fasfonsa, ba a Arlanda ba, kuma layin waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba yana iya yin tsawo. Idan tikitin duka tafiyar guda ɗaya ne, kamfani zai sa shi a jirgi na gaba in na farko ya kuɓuce masa, akwatinsa ma yawanci zai wuce da kansa. Idan kuwa tikiti biyu ne daban-daban, sai ya ɗauki akwatinsa ya sake miƙa shi, ya sake bin layin bincike, kuma duk abin da ya faru a wuyansa yake. Irin wannan matafiyi kada ya bar ƙasa da awa uku tsakanin jiragen biyu.

A hanyar dawowa ma akwai dabarar da take amfanar mai dogon zango daga Kastrup. Jiragen ƙasa da suke tsallako gada daga Malmo suna tsayawa a tashar da ke ƙarƙashin sashe na 3 kafin su shiga cikin Kwapanhagan, ke nan mutum zai iya tasowa daga tsakiyar Sitokholm ya sauka a cikin filin jirgin, ya hau bene ɗaya ya tarar da wurin miƙa kaya. Tun da tikitin jirgin ƙasa da na sama ba a haɗe suke ba, ya zaɓi jirgin ƙasa da zai sauke shi aƙalla awa huɗu kafin lokacin tashinsa, musamman a watannin ƙanƙara.